Ɗaukar Hoton Tsuntsaye a Sararin Sama a Matsayin Hanyar Tantance Sunayensu na Hausa: Darasi Daga Dausayin Baturiya

Tsakure

Sunayen tsuntsaye na daga cikin rukunan kalmomin Hausa waɗanda har yanzu suke buƙatar tantancewa, domin sau da yawa akan sami suna a ƙamus ba tare da an iya nuna tsuntsun da ke ɗauke da shi ba. Wannan maƙala ta duba yadda ɗaukar hoton tsuntsu yana cikin tashi zai taimaka wajen cike wannan giɓi. An zaɓi dausayin Baturiya da ke ƙasar Haɗeja a matsayin fagen misali saboda yawan tsuntsayen da ke taruwa a cikinsa da kuma sauye-sauyen da ke yi masa barazana. Maƙalar ta yi bayanin dalilin fifita hoton tashi a kan hoton tsuntsu a zaune, sannan ta kawo dabarun sarrafa kyamara gwargwadon yanayin wurin, da matakan haɗa kowane hoto da sunan da mazauna yankin suka sani. An kammala da cewa hoto ba ya zama hujjar nazarin harshe sai an ɗauke shi tare da muryar wanda ya san tsuntsun.

Fitilun Kalmomi: Tsuntsaye, Hoto, Baturiya, Ƙamus, Kalmomin Tashi

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe yana kallon sama. Zuwan shamuwa yakan shaida masa cewa damina ta ƙarato, jewar ungulaye takan nuna masa inda mushe yake, inuwar shirwa kuwa takan sa kaza ta tattara 'ya'yanta kafin uwar gida ta ɗaga kai. Wannan kallo ya bar gurbinsa a harshe. Ana cewa "ungulu ba ta jewar banza", ana kuma cewa farashi ya yi "tashin gwauron zabi". Duk wanda bai taɓa ganin yadda zabo ke zabura sama farat ɗaya ba, zai iya haddace wannan magana, amma hikimar da ke cikinta za ta wuce shi.

Matsalar da ke gaban manazarta a yau ita ce, masu jin waɗannan kalmomi suna ƙaruwa, masu iya nuna abin da suke nufi kuwa suna raguwa. Ɗalibin da ya tashi a birni zai iya rubuta kalmar kirinjijiya daidai, amma da wuya ya bambance ta da dinya in sun gifta ta kansa. Ƙamusoshin da ake dogaro da su, tun daga na Bargery (1934) da na Abraham (1949) zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero (2006) da na Newman (2007), sun taskace sunaye masu yawa, sai dai aikinsu na bayani ne da kalmomi. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna yadda manazarcin Hausa zai yi amfani da kyamara ya mayar da suna ga mai shi.

2.0 Dausayin Baturiya

Baturiya tana cikin Ƙaramar Hukumar Kirikasamma ta Jihar Jigawa, gabas da garin Haɗeja. Yanki ne na babban dausayin Haɗeja da Nguru, inda kogin Haɗeja da na Jama'are suke rarrabuwa su malale a tsakanin tuddan rairayi kafin su haɗu su zama kogin Yobe, wanda ke zuba a Tafkin Cadi. Ruwa yakan cika a watannin Agusta da Satumba, sannan ya riƙa janyewa sannu a hankali, ya bar tafkuna da fadamu a tsakanin bagaruwa da giyayya da goruba. A shekarar 2008 aka sanya Baturiya cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya a ƙarƙashin Yarjejeniyar Ramsar ta 1971, da faɗin kadada 101,095. An ƙididdige nau'in tsuntsaye fiye da 370 a ɗaukacin dausayin Haɗeja da Nguru.

Tsuntsayen wurin kashi uku ne ta fuskar zama. Akwai 'yan gida da ake gani duk shekara, irin su balbela da zalɓe da dinya da kirinjijiya. Akwai baƙin damina, wato masu ƙaura a cikin nahiyar Afirka, waɗanda shamuwa ce fitacciyarsu: takan iso gabanin saukar ruwa, ta yi sheƙa a bishiyoyin gari, ta nufi kudancin nahiyar bayan kaka. Sai kuma baƙin hunturu, waɗanda ke ƙetaro Sahara daga Turai da Asiya tun daga wajen watan Oktoba su zauna har zuwa Maris, cikinsu har da agwagin ruwa iri-iri.

Wannan arziki yana cikin haɗari. Madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa da aka kammala a 1992 sun sauya tsarin malalar kogin Haɗeja. Ambaliyar shekara-shekara ta ragu, a wasu mashigai kuma ruwa ya daina ƙafewa da rani, abin da ya ba ciyawar kacalla damar mamaye su ta toshe hanyoyin ruwa. Saran itace da faɗaɗa gonaki sun ƙara tsananta lamarin. Tun 1987 aka kafa shirin kare dausayin Haɗeja da Nguru saboda irin waɗannan matsaloli. Abin da ya shafi manazarcin harshe a nan shi ne, idan tsuntsu ya ƙaura daga wuri, sunansa ma yakan bi shi bayan zuriya ɗaya ko biyu. Gauraka, wadda ake ɗauka a matsayin tsuntsuwar ƙasa ta Nijeriya, ta yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar. Ungulun da aka saba gani a mahauta kuwa, tun 2015 Ƙungiyar IUCN ta sanya ta cikin halittun da ke gab da ƙarewa.

Akwai kuma dalili na harshe. Yankin mahaɗa ce ta Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa, kuma a wannan ƙasa ne harsunan Auyokawa da Teshenawa suka ɓace bayan masu su sun koma magana da Hausa. A irin wannan wuri, sunayen kifaye da tsirrai da tsuntsaye su ne wuraren da ya kamata a fara neman aro da ragowar tsofaffin kalmomi.

3.0 Dalilin Fifita Hoton Tashi

Ana iya tambaya: me ya sa ba za a wadatu da hoton tsuntsu a kan reshe ba, alhali ya fi sauƙin ɗauka? Amsar tana da fuska uku.

Ta farko, alamomin da ke rarrabe tsuntsaye masu kama da juna sun fi fitowa idan fiffike ya buɗe. Zalɓe da balbela sukan naɗe wuyansu idan suna tafiya a sama, shamuwa da gauraka kuwa miƙe shi suke yi. Borin tunke, wanda wasu ke kira babba-da-jaka, dangin shamuwa ne amma yakan janye wuyansa, kuma wannan kaɗai ya isa a gane shi daga nesa. Shirwa tana da wutsiya mai baki biyu wadda take murɗawa tana sarrafa iska da ita. Kirinjijiya takan bar ƙafafunta su zarce wutsiya. Dinya tana da fari a gaban fiffike wanda ba ya bayyana sosai sai ta tashi.

Ta biyu, masunci ko makiyayi ya fi ganin waɗannan tsuntsaye a sama fiye da a kusa, don haka da siffar tashi ya san su. Idan aka nuna masa zanen littafi na tsuntsu a tsaye, an nuna masa abin da bai saba gani ba. Wannan na daga cikin hanyoyin da ruɗani ke shiga jerin sunaye. Kalmar mikiya misali ce: tsofaffin ƙamusoshi sun danganta ta da wani babban nau'in ungulu, alhali masu magana da yawa a yau gaggafa suke nufi da ita.

Ta uku, Hausa tana da kalmomin tashi waɗanda ma'anarsu motsi ce. Fiffika daban take da shawagi, shawagi daban yake da jewa, sura kuma ita ce faɗowar shirwa ko shaho a kan abin da zai ɗauka. Akwai amsa-kama irin su fir, akwai dira da sauka. Jerin hotuna goma da aka ɗauka cikin daƙiƙa ɗaya zai ba mai bincike damar nuna wa mai ba da bayani mataki-mataki, ya tambaye shi inda jewa ta ƙare da inda sura ta fara.

Amfani da hoto don nazarin tashi tsohon abu ne a ilimin kimiyya. A 1882 masanin Faransa Étienne-Jules Marey ya ƙera kyamara mai siffar bindiga da ke ɗaukar hoto 12 a daƙiƙa don ya ga yadda fiffike ke motsi. A 1884 Ottomar Anschütz na Jamus ya ɗauki hotunan farar shamuwar Turai tana tashi, kuma ita ma tana cikin masu ƙetaro Sahara da hunturu. Abin da ya rage shi ne masu nazarin harshe su ɗauki wannan makami su yi nasu aikin da shi.

4.0 Dabarun Ɗaukar Hoton

4.1 Lokaci

Daga Disamba zuwa Fabrairu ne tsuntsaye suka fi taruwa, saboda ruwa ya ja baya ya tattara su a tafkuna kaɗan, hanyoyi kuma sun bushe. A watan Janairu ne ma ake gudanar da ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya. Sai dai wanda ya taƙaita ga hunturu ba zai ga shamuwa ba, don haka ana buƙatar zuwa na biyu da farkon damina. A cikin yini kuwa, sa'o'i biyu na bayan fitowar rana sun fi dacewa. Da rana ta take, zafin ƙasa yakan sa iska ta riƙa rawa a saman ruwa, hoto ya fito a dushe komai kyan kyamara. Shirwa da ungulu ne kawai ake jira da hantsi, domin sai ƙasa ta ɗumama suke samun iskar da ke ɗaga su.

4.2 Rana da Iska

Tsuntsu yana tashi yana kuma sauka ne yana fuskantar iska. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, rana kuma a waɗannan watanni tana fitowa daga gabas ta ɗan karkata kudu. Saboda haka wanda ya tsaya a gabashin tafki da safe ya sami rana da iska duka a bayansa: tsuntsayen za su taso suna fuskantarsa, haske yana kan ƙirjinsu. Da yamma lamarin yakan juye. Wanda ya bi haske ya koma yamma zai ga tsuntsaye suna tashi sun ba shi baya. Wannan ƙa'ida ita ce mafi amfani a duk darasin, kuma ba ta buƙatar kuɗi.

4.3 Saitin Kyamara

Abu na farko shi ne saurin ƙiftawa, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga. A ɗauka agwagwa tana gudun kilomita 60 a sa'a. Cikin kashi 1 bisa 250 na daƙiƙa za ta matsa kusan santimita 7, abin da ya isa ya shafe zanen gashinta. Cikin kashi 1 bisa 2000 kuwa, abin da za ta matsa bai kai santimita 1 ba. Don haka 1/2000 shi ne ma'aunin farawa. Manyan tsuntsaye masu kaɗa fiffike a hankali, kamar zalɓe da kwasakwasa, 1/1000 zuwa 1/1600 ya ishe su. Ƙanana masu zafin nama, kamar tsattsewa, suna buƙatar 1/3200 ko fiye.

Na biyu shi ne kafar haske, wadda ake so ta kasance tsakanin f/5.6 da f/8 domin kai da fiffike su fito tare. Na uku shi ne ma'aunin ISO, wanda za a ɗaga daga 400 zuwa 1600 ko sama idan haske ya yi ƙaranci. Hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa wanda gashi ya fito a cikinsa ya fi amfani ga bincike a kan hoto mai santsi wanda ya dushe. Ana buƙatar gilashi mai jawo nesa na milimita 400 ko fiye, a sa kyamara a tsarin da take bin abu mai motsi tana daidaita gani da kanta, a kuma kunna ɗauka a jere.

4.4 Launi da Ƙura

Kyamara takan ruɗe idan ta auna haske a kan sararin sama. Baƙin tsuntsu kamar hankaka ko dinya a kan farin hazo yakan fito kamar inuwa, sai an ƙara haske da mataki ɗaya ko biyu. Farar balbela a gaban duhun bishiyoyi kuwa takan ƙone ta zama fari fat babu zane, sai an rage. Hazon hunturu yana cinye launi gwargwadon nisa, saboda haka maganinsa kusanci ne. Ƙura kuma abokiyar gabar kyamara ce: kada a sauya gilashi a fili, a riƙa rufe kayan aiki da ƙyalle idan ana tafiya a kan babur.

4.5 Bin Tsuntsu

Mai ɗauka zai ware ƙafafu, ya manne gwiwar hannu da haƙarƙari, ya kama tsuntsun tun yana nesa, ya riƙa juyawa daga ƙugu yana bin sa, kuma kada ya tsaya bayan ya danna. Ya kamata a saba hannu da shirwa da balbela a bakin gari kafin a je dausayi. Wajen kusantar tsuntsu kuwa, mafarautan Hausa sun riga kowa: mai ɗaura kan burtu a goshi ya sunkuya yana tafiya irin tasa ya san cewa tsayuwar mutum da saurin motsinsa su ne ke korar dabba. Tufafi masu launin ƙasa, zama a gindin bishiya, da haƙuri, sun fi bin tsuntsu da gudu. Masunci mai tuƙa kwalekwale ya san inda garke ke kwana da inda yake kiwo, kuma layin da ke tsakanin waɗannan wurare biyu nan ne mazaunin mai kyamara.

5.0 Haɗa Hoto da Suna

Kyakkyawan hoto rabin aiki ne. Domin ya zama hujja, ana ba da shawarar bin waɗannan matakai:

i. A daidaita agogon kyamara da na na'urar naɗar murya kafin a fita. Mai ba da bayani ya kasance a gefen mai ɗauka, ya ambaci sunan tsuntsun tun yana sama. Daga baya lokacin da ke jikin hoto da na murya su ne za su haɗa su.

ii. Kada mai bincike ya riga faɗin suna. Tambayar ita ce "Mene ne wannan?" da "Me yake yi?" Idan aka ce wa mutum "Wannan ba dinya ba ce?", ladabi kaɗai zai iya sa ya amsa da i.

iii. A naɗi furucin sunan shi kaɗai da kuma a cikin jimla, tare da jam'insa da jinsinsa, domin a fitar da karin sauti da tsawon wasali. Rubutu mara ƙugiya ya sha haɗa dinya tsuntsuwa da ɗinya itaciya.

iv. A tambayi rukunoni daban-daban kowanne shi kaɗai: masunta, mafarauta, makiyaya, manoman shinkafa, mata, da yara masu korar jan-baki a gona. A rubuta garin kowa da harshensa na farko, saboda a bambance sunan Hausa da na aro, a kuma gane bambancin kari irin na fakara da makwarwa.

v. A nuna hotunan a wani ƙauye ga waɗanda ba su halarci ɗaukar ba. Hoto yana ɓoye girma, don haka a faɗi girman tsuntsun ta hanyar kwatanta shi da kurciya ko zabo, a kuma haɗa da gajeren bidiyo mai sauti.

vi. A miƙa hoton ga masanin tsuntsaye ya tabbatar da sunan kimiyya. Cibiyar Nazarin Tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos, wadda ke aiki tare da Jami'ar Jos, tana da irin waɗannan masana.

Ba lallai ne sunan Hausa ɗaya ya dace da nau'in kimiyya ɗaya ba. Suna ɗaya zai iya rufe nau'i uku, nau'i ɗaya kuma zai iya samun suna biyu saboda bambancin namiji da mace ko sauyin gashi tsakanin damina da rani. Wannan rashin daidaito shi kansa sakamakon bincike ne, domin yana nuna yadda Bahaushe ya karkasa halittu, kuma bai kamata a gyara shi don ya dace da littafi ba.

6.0 Ladubban Aiki

Akwai masu sa yara su yi jifa ko ihu don garke ya tashi a sami hoto. Wannan ɓarna ce. Baƙon hunturu yana tara ƙiba ne don ƙetare Sahara a kan hanyarsa ta komawa, kuma duk tashin firgita yana rage masa guzuri. Ta fuskar bincike ma, tashin tsoro ba shi ne tashin da ake son a ji sunansa ba. Haka nan a nisanci sheƙa, kuma kada a bayyana wa jama'a takamaiman wurin da aka ga tsuntsu mai ƙaranci kamar gauraka ko ungulu, saboda masu kama su don sayarwa. A nemi izinin hukumar da ke kula da gandun, a gaida hakimi da dagaci, a bayyana wa masu ba da bayani abin da za a yi da muryarsu, a biya su ladan lokacinsu, a kuma mayar musu da kwafin hotunan.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa hoton tsuntsu a sararin sama yana iya warware abin da bayanin ƙamus ya bari a dunƙule, saboda a sama ne alamomin tsuntsu ke bayyana, a sama ne mutanen karkara suka san shi, kuma motsinsa a can ne ya haifar da kalmomi irin su jewa da sura da shawagi. An kuma nuna cewa yanayin Baturiya, musamman haɗuwar rana da iska a safiyar hunturu, ya dace da wannan aiki. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a wannan fage ana buƙatar su duka biyu: hoton tsuntsu da muryar mai kiran sunansa. Ana ba da shawara ga sassan nazarin Hausa, musamman na jami'o'in da ke kusa da dausayin kamar Jami'ar Sule Lamiɗo ta Kafin Hausa da Jami'ar Bayero ta Kano, da su haɗa gwiwa da sassan nazarin halittu su samar da ƙamus mai hoto da sauti na tsuntsayen ƙasar Haɗeja. Kyamara ɗaya, na'urar naɗar murya ɗaya, da ɗalibai biyu a hunturu biyu da damina ɗaya sun isa a kafa harsashinsa, tun dattawan da suka san sunayen suna raye, tsuntsayen kuma suna zuwa.